Lagwanin Kyandir na Gida: Yadda Za a Zaɓi Kaurin da Ya Dace

Ga iyalai mazauna Tchamba, Sokode da Dapaong.

Mun san gidaje da yawa ba sa samun wutar lantarki kullum, fitilar sola kuma kan mutu kafin yara su gama karatun dare. Shi ya sa wasu ke haɗa kyandir, wanda wasu ke kira buji, a cikin gwangwanin tumatir ko na madara. Dabara ce mai kyau mai sauƙin kuɗi, amma sai an kula da lagwani. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, ƙaramin harshen wuta kan iya cinye rumfa cikin mintoci kaɗan.

Aikin lagwani

Zafin wuta ne ke narkar da kaki, lagwani ya tsotso shi sama kamar yadda tsumma ke shan ruwa, sannan tururinsa ya kama da wuta. Ke nan kaurin lagwani ne ke ƙayyade yawan kakin da wutar ke sha. Idan ya yi siriri, wutar za ta yi ƙanƙanta, ta haƙa rami a tsakiya ta bar kaki a gefe, daga baya ta nutse ta mutu. Wannan asarar kaki ce. Idan ya yi kauri, wutar za ta yi tsawo, ta riƙa baƙin hayaƙi, gwangwanin ya ɗauki zafi sosai. Wannan shi ne mai haɗari, domin yana jawo gobara, hayaƙin kuma yana cutar da ƙirjin yara da masu asma.

Abubuwa uku da za a duba

Na farko, faɗin bakin gwangwani. Ƙaramin gwangwanin tumatir, mai faɗin santimita 5 zuwa 6, a fara gwada shi da lagwani mai kaurin tsinken ashana. Gwangwanin madara da ya fi shi faɗi yana son wanda ya ɗan fi haka. Idan faɗin ya wuce santimita 9, gara a sa siraran lagwani biyu da tazara a tsakaninsu, maimakon ɗaya mai kauri.

Na biyu, irin kakin. Kakin zuma, wanda za a iya tambaya wurin masu sayar da zuma, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64, kuma ko ya narke yana da kauri. Don haka yana bukatar lagwani mai kauri fiye da na farin kyandir na kanti da aka tara guntayensa aka sake narkarwa. Man kaɗe kuwa yana narkewa da zafi kaɗan, ko a tafin hannu. A zafin Maris da Afrilu na Dapaong zai zama ruwa, lagwani ya kwanta a ciki. Idan za a yi amfani da shi, a gauraya shi da kakin zuma.

Na uku, irin zaren. A yi amfani da zaren auduga zalla. Zaren roba narkewa yake yi, ba ya tsotson kaki, hayaƙinsa kuma ba shi da kyau. A ɗiga wuta a bakin zaren a gani: auduga tana zama toka, roba tana dunƙulewa ta yi tauri. A kitsa zaren gida uku kamar kitson kai, a tsoma shi cikin narkakken kaki, a miƙar da shi ya bushe. A ɗaure shi a jikin tsinke a gitta a bakin gwangwani don ya tsaya a tsakiya daidai.

Gwaji kafin a yi da yawa

Zare ya bambanta, don haka gwaji ne zai raba gardama. A samo gwangwani uku iri ɗaya, a zuba kaki iri ɗaya, a sa lagwani siriri, matsakaici da mai kauri. A bar su su daskare kwana ɗaya. A datse kowane lagwani ya rage kamar rabin santimita, a kunna su da rana a inda babu iska, babba yana zaune a wurin.

Bayan awa biyu a duba. Lagwanin da ya dace, wutarsa tana tsaye, tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, babu baƙin hayaƙi, kaki ya narke har kusa da gefen gwangwani, zurfin narkakken bai wuce santimita 1 ba. In an ga rami a tsakiya, a ƙara zare. In an ga baƙi a bakin gwangwani ko dunƙulen gawayi a kan lagwani, a rage. A riƙe adadin zaren da ya yi daidai don gaba.

Kiyaye gida

Kada a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. A sa shi a gwangwani, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada a zuba kananzir ko fetur a cikin kaki. A guji robobi da siraran kofunan gilashi masu fashewa. A ajiye kyandir cikin kwano mai yashi, nesa da gidan sauro, tabarma, labule, tamfol da jinka, inda hannun yaro ba zai kai ba. Kada ya wuce awa huɗu yana ci, kuma a daina kunna shi idan kakin ya rage kamar santimita 1 a gindi. A kashe shi kafin a yi barci ko a fita, ko da zuwa maƙwabta ne.

Idan kakin ya kama da wuta, kada a watsa masa ruwa, domin zai fantsama. A rufe shi da murfin tukunya ko a zuba yashi. In wuta ta fi ƙarfi, a fara fitar da yara da tsofaffi, a yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.

Wanda ke da fitilar sola, ya sa ta a rana tun da safe ya fara amfani da ita, kyandir ya zama na ko-ta-kwana. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya bayyana wa maƙwabcinsa. Allah Ya tsare mu da gobara.