Godiya a Harshen Mutanen Japan: Kalma Ɗaya Ba Ta Isa

Duk wanda ya fara koyon harshen Japan, kalmar da ake fara sa masa a baki ita ce arigato, wato "na gode". Sai dai ɗalibin da ya tsaya a nan, wata rana zai ji kunya a gaban malaminsa, domin a can godiya hawa-hawa ce, gwargwadon girman wanda ake yi wa ita da wahalar da ya sha.

Asalin kalmar daga arigatashi ne, ma'ana abin da samunsa ke da wuya. Mai godiya yana shaidawa ke nan cewa alherin da aka yi masa ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Arigato zalla ta abokai ce da ƴan gida. Malami ko dattijo ko baƙo, arigato gozaimasu ake ce musu. In kuwa abin ya riga ya kammala, kamar a ƙarshen darasi, sai a ce arigato gozaimashita.

Abin da ya fi rikita mai koyo shi ne sumimasen. Kalmar neman afuwa ce, amma idan wani ya tashi ya ba ka kujerarsa a jirgin ƙasa, ita ake yawan faɗi, tamkar ka ce "na ɗora maka ɗawainiya". Haka kuma a wurin aiki ana sallama da otsukaresama deshita, wadda Bahaushe zai gane nan take, don ƴar uwar "sannu da aiki" ce. Tana da makusanciya, gokurosama, amma a yi hattara: ita babba ne ke faɗa wa na ƙasa da shi. Yaron da ya faɗa wa maigidansa, an ɗauke shi marar ladabi.

Godiyar kuma ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Wanda aka yi wa liyafa, in sun sake haɗuwa da mai gayyata, da godiyar rannan zai buɗe gaisuwa, kamar yadda muke cewa "jiya mun gode".

Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka buɗe baki duba wanda ke gabanka da abin da ya yi maka. Magabata sun ce yaba kyauta tukuici. Allah ya sa mu cikin masu godiya.