Ma'anar "Fasaha" a Zanen Kwamfuta: Gwanintar Mai Zane ko Ingancin Manhaja?

1.0 Gabatarwa

Kalmar "fasaha" ta shigo Hausa ne daga Larabci, inda take nufin iya magana da tsabtar harshe. A Hausa ta faɗaɗa har ta ɗauki ma'anoni biyu: gwanintar mutum wajen ƙago abu mai ƙayatarwa, da kuma ƙere-ƙeren zamani, kamar a "kimiyya da fasaha". Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ma'anonin suka yi karo a fagen zanen kwamfuta, inda ake jayayya a kan ko kyawun zane daga mai shi yake fitowa, ko daga manhajar da ya yi aiki da ita.

2.0 Aikin Manhaja

A shekarar 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. A 1994 aka ƙara mata tsarin hawa-hawa, wato mai zane ya ɗora sassan zanensa bisa juna kamar takardu masu shara-shara, ya gyara ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba. Amfanin wannan shi ne rage asarar da kuskure ke jawowa, domin layin da ya karkace ba ya ɓata aikin kwanaki. Sai dai manhajar ba ta gaya wa mai zane inda haske ya kamata ya faɗa, ko launin da zai dace da wani. Wannan hukunci yana wurinsa.

3.0 Misalai Biyu

John Lasseter, wanda ya ba da umarni a fim ɗin Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka yi shi kacokan da kwamfuta, ya fara koyon zanen hannu ne, ya kuma yi aiki a kamfanin Disney. A gajeren fim ɗinsa na 1986, Luxo Jr., fitilun tebur biyu ne kawai, ba ido ba baki, amma mai kallo yana gane babba da ƙarami, yana gane murna da damuwa. Abin da ya ba su rai shi ne sanin nauyin jiki da lokacin motsi, wanda ya koyo daga masu zanen hannu.

Haka kuma David Hockney, mai zane ɗan Ingila da aka haifa a 1937, ya shiga zane a kan iPad a 2010 da wata manhaja mai sauƙi, Brushes, bayan ya shafe shekaru kusan 50 yana aiki da fenti. A 2012 aka baje waɗannan zane-zane a Royal Academy da ke Landan. Dubban mutane sun mallaki manhajar, amma ba su fitar da irin aikinsa ba.

4.0 Inda Matsalar Ta Tsananta

A 2022 Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje koli na jihar Kolorado a Amurka da hoton da manhajar Midjourney ta samar bisa umarnin da ya rubuta mata. A 2023 ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista, bisa hujjar cewa na'ura ce ta tsara yawancin abin da ake gani a cikinsa. A nan manhajar ta wuce matsayin alƙalami, ta shiga yanke hukuncin da a da na mai zane ne. Ga mai nazarin harshe kuwa, abin lura shi ne gudummawar Allen ta kalmomi ce, wadda ta fi kusa da ma'anar "fasaha" ta asali.

5.0 Kammalawa

Idan mai fassara ya rubuta cewa "fasaha ce ta yi wannan zane", mai karatu ba zai san ko mutum ake yabo ko na'ura ba, alhali a kan wannan bambanci ne lada da haƙƙin mallaka suka rataya. Saboda haka wannan maƙala tana ba da shawarar a riƙa amfani da "gwaninta" ga abin da mai zane ya koya, "fasahar na'ura" kuma ga abin da manhaja ke yi, musamman a darussan fassara da ƙamusoshin keɓaɓɓun kalmomi.