Wasan Waya da Lalurar Galahanga: Daga Overwatch Zuwa Shagari

A shekarar 2016 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da wasan bidiyo mai suna Overwatch. Cikin jaruman wasan akwai wata 'yar Indiya, Symmetra, gwanar tsara gine-gine, wadda ba ta son hayaniya kuma ba ta jure ganin abu a hargitse. Masoya wasan suka zuba mata ido, suka yi ta muhawara: anya wannan baiwar Allah ba lalurar galahanga gare ta ba, wadda likitoci ke kira otizim? A 2017 jagoran masu tsara wasan, Jeff Kaplan, ya amsa wasiƙar wani mai son wasan, ya tabbatar da cewa haka aka ƙirƙire ta.

Ba kowane hasashe ne ke dacewa haka ba. Shekara da shekaru ana yaɗa cewa Satoshi Tajiri, ɗan Japan da ya ƙirƙiro Pokémon, wasan da ya fito a 1996, yana da lalurar. Hujjar da aka fi kawowa ita ce yana yaro ya shagala da tara ƙwari. Son ƙwari kuwa ba shaidar likita ba ne, kuma laƙaba wa mutum mai rai lalura daga nesa bai dace ba, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Duk da haka, akwai abin tausayi a ƙarƙashin wannan ɗabi'a. Da yawa daga masu hasashen su ma suna da lalurar, suna neman jarumi mai kama da su ne. A 2013 wani uba ɗan Kanada, Stuart Duncan, ya buɗe Autcraft, wani keɓaɓɓen fili cikin wasan Minecraft, domin yara masu galahanga su yi wasa ba tare da tsangwama ba.

A Shagari da Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato, Overwatch ba shi ne abin yayi ba. Ƙwallon PlayStation a gidan gem mai janareta, da wasannin da ke cikin wayar yaya ko ta baba, su yara suka sani. Amma a nan ma akwai hasashe, kuma ya fi na waje nauyi, domin a kan yaro na gaske ake yin sa. Ga yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki sosai ba, a kira sunansa ba ya waigowa, ba ya haɗa ido, ƙarar injin niƙa na sa shi toshe kunne. A miƙa masa waya kuwa, sai ya natsu. Nan take wani ya ce waya ce ta ɓata shi, wata ta ce iska ce ta taɓa shi, wani kuma ya kawo zancen sammu.

Tarihin lalurar kansa ya wanke waya. Ɗaya daga cikin likitocin farko da suka bayyana ta dalla-dalla, Leo Kanner, ya yi rubutu a kan yara 11 a birnin Baltimore tun 1943, lokacin da babu wasan bidiyo a duniya. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, alamunsa kan bayyana kafin shekara uku, kuma binciken tagwaye ya nuna gado na da babban kaso a ciki.

To me ya sa waya ke jan su haka? Wani bincike da Micah Mazurek da Christopher Engelhardt suka buga a mujallar Pediatrics a 2013 ya gano yara maza masu galahanga sun fi takwarorinsu marasa lalura daɗewa a kan wasan bidiyo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna da irin yaran nan. Dokar wasa ba ta sauyawa: ka danna nan, abu kaza ya faru, yau da gobe duk ɗaya. Babu karantar fuska, babu habaici, babu mai yi masa tsawa don ya kasa gaisuwa. Lalurar ce ke kai yaron ga wasan.

Wannan ba lasisin sakin waya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaron da ke fama da magana ya fi kowa buƙatar a yi masa hira, a sa shi cikin 'yan'uwa, a hankali.

Iyayen da suka ga waɗannan alamu suna da wurin zuwa cikin jihar Sakkwato: sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Babu gwajin jini da ke nuna galahanga. Likita kan duba jin yaron tukuna, ya lura da yadda yake wasa, ya tambayi yaushe ya fara magana da abin da ke firgita shi. Saboda haka yana da kyau uwa, ko duk wanda ya fi zama da yaron, ta kasance cikin masu rakiya.