Daga Narayi zuwa Accra: Iyaka uku a yini ɗaya, ga yara a mota

Wani magidanci mazaunin Narayi a kudancin Kaduna ya kwashi matarsa da 'ya'yansa uku zuwa bikin ƙanwarsa a Nima, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa a birnin Accra. Kuɗin jirgi na mutum biyar ya fi ƙarfinsa, sai suka bi mota zuwa Legas suka kwana, da asuba suka hau doguwar bas mai ratsa ƙasashe huɗu.

Tazarar ba ta kai kilomita 500 ba, iyakoki ne ke cinye yinin. A Seme kowa ya sauka domin a buga masa hatimi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yafe biza har kwana 90, amma ba ta yafe katin rigakafin shawara ba, kuma na autar yana ƙasan wata jaka a cikin but. Sai da kwandasta ya sauke kusan rabin kaya, fasinjoji na ta tsaki, direba na barazanar barin su a nan.

Daga nan naira ta rasa kima. Ko ruwan sha a Kwatano sai da sefa, 'yan canjin bakin iyaka kuwa ba sa tausayin baƙo. Da shigarsu Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, uwar yara ta rikice kan lokacin la'asar.

Sun tsallaka Aflao bayan magariba, yara duk sun yi barci, ga sauran tafiya kafin Accra. Ɗaurin aure kuwa ƙarfe goma na safe ne.