Funtuwa Tana Faɗi, Ina Hanyoyinta?

Wanda ya san Funtuwa shekaru talatin da suka wuce, in ya sauka yau ya nufi bayan gari sai ya ɓata. Gonakin da muka sani na auduga da masara sun zama gidaje.

Asalin girman garin nan ba ɓoyayye ba ne. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ta nan ta ratsa, ga kuma injin gurzar auduga na B.C.G.A. Sa'an nan hanyoyin mota na Zariya da Gusau da Katsina suka haɗu a tsakiyarsa. Unguwannin da hukuma ta yanka da awo, layi yakan faɗa cikin layi, mutum ya isa kasuwa ta inda ya ga dama.

Amma duba yadda ake yi yanzu. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka filoti ƙafa hamsin da ɗari. Kowane taku da aka bar wa hanya hasara ce a wurinsa, don haka sai ya bar ɗan siririn layi, shi ma ya ƙare a jikin katangar maƙwabci, wanda ya yanka tasa gonar ba shawara. Mutanen Faskari da Sabuwa da suka gudo saboda 'yan bindiga kuwa, wa zai ce musu su jira taswira? Masauki suke nema.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2020 waɗansu masana biyu sun auna titunan duniya, suka tarar tun daga 1975 sababbin unguwanni sai ƙara rashin mahaɗa suke yi.

Ni abin da ya dame ni 'yan makaranta ne. Na ga yarinyar da ke jin ƙararrawar makarantarsu daga tsakar gida, amma ba ta da hanya sai ta zagaya ta bakin kwalta, inda manyan motoci ke wucewa. Da damina in layin ya cika da ruwa, uwarta takan ce ta zauna gida. Malamai, ku duba rajistarku ta watan Yuli.

Gida ana rushe shi a sāke, amma layin da aka toshe ba ya buɗuwa sai da diyya da shari'a. Malumfashi da Bakori har yanzu da sauran gonaki a gefensu. Lalle ne masu awon ƙasa su kafa turakun hanya can tun kafin dillali ya iso da igiyarsa.