Haskaka haƙora

Haskaka haƙora hanya ce ta sauya launin haƙoran mutum daga rawaya, ruwan ƙasa ko toka-toka zuwa launin da ya fi kusa da fari. Ana yin sa a gida da kayan da ake saya a kanti ko kemis, ana kuma yin sa a asibiti a hannun likitan haƙori. Sinadarin da ke aikin a wuraren biyu kusan ɗaya ne, wato feroksaid. Bambancin yana ga ƙarfin sinadarin, da tsawon lokacin da yake yi a kan haƙori, da kuma ko an duba bakin mutum kafin a fara.

Sau da yawa ana rikita shi da wankin haƙori. Wankin haƙori shi ne kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora da na'ura, sannan a goge su. Yana dawo da haƙori launinsa na asali, amma ba ya wuce nan. Haskakawa kuwa tana sauya launin asalin ne.

Abin da ke ba haƙori launi

Haƙori yana da ɓawo na waje mai suna inamel, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya, sannan a tsakiya akwai jijiya da hanyoyin jini. Haske yana ratsa inamel, don haka yawancin launin da ido ke gani na dentin ne. Shi ya sa lafiyayyen haƙori ba fari fat ba ne, kuma shi ya sa haƙora ke ƙara rawaya da tsufa: inamel na cinyewa a hankali, dentin na ƙara kauri.

Likitoci sun raba tabon haƙori gida biyu. Na farko shi ne tabon waje, wanda ke zama a saman inamel. Shayi, gahawa, sigari, taba gari da goro ne ke kawo shi, haka ma maganin kurkure baki na kuloheksidin idan an daɗe ana amfani da shi, da maganin ƙarin jini na ruwa mai sinadarin ƙarfe. A ƙasar Hausa goro ne kan gaba, kuma a da ba a ɗauki jan haƙori aibi ba: mata kan goga fure, wato furen taba, tare da goro don haƙora su yi ja, a matsayin ado.

Na biyu shi ne tabon ciki, wanda ke cikin jikin haƙorin. Maganin tetarasaikilin yana barin layi-layi masu launin toka ko ruwan ƙasa idan mai ciki ta sha shi, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, lokacin da haƙora ke ginuwa. Yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha yana kawo ɗigo-ɗigon fari kamar alli, ko tabo mai ruwan ƙasa idan ya tsananta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin kowace lita. An san wannan matsala a garin Tibiri na jihar Maraɗi a Nijar, da yankin Langtang na jihar Filato, da wasu sassan Kenya, Tanzaniya da Habasha. Haka kuma haƙori guda ɗaya kan yi duhu bayan buguwa, idan jini ya zuba a cikinsa ko jijiyarsa ta mutu.

Wannan rabe-rabe shi ne ke nuna hanyar da za ta yi amfani. Wanda tabonsa na goro ne yana iya samun biyan buƙata da wankin haƙori kawai. Wanda nasa na tetarasaikilin ne kuwa, ko ya shekara yana dirza man goge baki ba abin da zai sauya, sai dai ya cinye inamel ɗinsa.

Yadda feroksaid ke aiki

Ƙwayoyin haidurojin feroksaid ƙanana ne sosai, suna ratsa inamel su kai ga dentin. A can suna farfasa manyan ƙwayoyin da ke ɗauke da launi zuwa ƙanana waɗanda ba sa riƙe haske da yawa, sai haƙori ya bayyana da haske. Ba a kankare komai daga jikin haƙorin. Ɗayan sinadarin shi ne kabamaid feroksaid, wanda idan ya haɗu da ruwa yake rabuwa zuwa haidurojin feroksaid da yuriya. Kabamaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana ba da haidurojin feroksaid kimanin kashi 3.5, kuma yana sakinsa a hankali cikin sa'o'i, abin da ya sa ya dace a kwana da shi.

Tarihi

Likitocin haƙori sun fara gwada haidurojin feroksaid tun ƙarshen ƙarni na 19, amma a asibiti kaɗai. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita mai gyaran jerin haƙora a jihar Arkansas ta Amurka, William Klusmier, ya lura cewa majinyatan da ya ba maganin dasashi mai kabamaid feroksaid su kwana da shi cikin marufin roba haƙoransu sun yi haske. A 1989 Van Haywood da Harald Heymann na Jami'ar North Carolina suka wallafa bayanin wannan hanya, daga nan ta bazu a duniya. A 2001 kamfanin Procter & Gamble ya fitar da Crest Whitestrips, wanda ya kai aikin kantuna ba tare da an bi ta wajen likita ba.

Hanyoyin gida

Man goge baki mai alamar haskakawa shi ne mafi arha da sauƙin samu. Yawancinsa yana aiki ne da gari mai gurza, kamar silika, wanda ke goge tabon waje. Wasu na ɗauke da shuɗin sinadari da ke kwanciya a kan haƙori ya rage ganin rawaya na 'yan sa'o'i, kamar yadda bula ke yi wa farin kaya. Akwai ma'aunin ƙarfin gurza da ake kira RDA, kuma Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ba ta amincewa da man da ya wuce 250. Irin wannan mai ba ya taɓa launin dentin.

Aswaki ma a wannan sahu yake. Yana cire datti da sabon tabo idan ana yin sa a kai a kai, amma ba ya sauya launin ciki.

Siraran ledoji masu mannewa su ne na gaba. An shafa musu feroksaid mai matsakaicin ƙarfi, ana manna su a haƙoran gaba kamar minti 30 kullum na kusan mako biyu. Suna haskakawa da gaske. Matsalarsu ita ce shimfiɗaɗɗu ne, haƙora kuwa ba a shimfiɗe suke ba. Wanda haƙoransa suka hau juna zai ga wani wuri ya yi haske wani bai yi ba. Akwai kuma marufan roba na kanti masu girma ɗaya ga kowa, waɗanda sinadarin kan tsiyaya daga cikinsu ya taɓa dasashi ko a haɗiye shi.

Sai haɗe-haɗen gida da ke yawo a kafafen sada zumunta, kuma a nan ɓarna ta fi yawa. Lemun tsami da ruwan khal suna da tsami ƙwarai. Inamel yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemun tsami kuwa yana tsakanin 2 da 3. Haƙori kan yi fari a kwanakin farko saboda samansa ya zaizaye ya yi kamar alli, daga baya dentin ya ƙara bayyana, ya fi da rawaya. Inamel ba ya sake tsirowa. Gawayi, toka da gishiri suna gurza ne kawai, kuma babu mai iya sanin kaushin garin da aka daka a gida. Wani nazari da mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami isasshiyar hujja ba cewa man gawayi yana haskaka haƙora ko ba shi da illa. Bekin soda shi kaɗai ba shi da kaushi sosai, kuma yana cikin man goge baki da dama. Haɗa shi da lemun tsami ne ke kawo lahani.

Wajen likita

Abu na farko da likita ke yi ba haskakawa ba ne, dubawa ne. Yana neman kogon haƙori, tsagewa, ciwon dasashi da tsohon ciko mai yoyo, domin feroksaid da ya shiga kogo yana kaiwa ga jijiya da sauri, da zafi mai tsanani. Yana gano irin tabon, ya wanke haƙoran, sannan ya auna launinsu da jerin samfura; wanda aka fi amfani da shi, na kamfanin Vita, yana da launi 16. Haƙori guda da ya yi duhu yana iya zama alamar ruɓa ko mutuwar jijiya, kuma rufe alamar da haske ba ya warkar da ciwon. Wannan dubawa ita ce babbar fa'idar da kayan kanti ba su da ita.

A hanyar zama ɗaya, ana rufe dasashi da wani abu mai daskarewa, a janye leɓɓa, sannan a shafa haidurojin feroksaid mai ƙarfi, wanda a Amurka yakan kai kashi 25 zuwa 40 cikin 100. Ana barinsa minti 15 zuwa 20, a goge, a sake, har sau uku ko huɗu. Duka aikin awa ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Asibitoci da dama suna haska wata shuɗiyar fitila a kan haƙoran, amma nazarce-nazarcen da suka kwatanta aikin da fitila da wanda babu ita ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a sakamakon ƙarshe. Wani ɓangare na farin da ake gani a ranar bushewar haƙori ce, yakan ragu bayan kwanaki idan haƙorin ya sake shan ruwa. Launin gaskiya sai bayan kamar mako biyu yake zama.

Hanya ta biyu tana tsakanin gida da asibiti. Likita yana ɗaukar siffar haƙoran mutum, a ƙera masa marufin roba siriri daidai bakinsa, a ba shi kabamaid feroksaid, galibi kashi 10 zuwa 16, ya riƙa ɗigawa a ciki yana kwana da shi mako biyu zuwa huɗu. Ba ta da sauri, amma ita ce aka fi yin bincike a kanta, kuma sakamakonta bayan an kammala ba ya kasa na zama ɗaya. Sinadari mai rauni da aka ba lokaci yana kaiwa inda mai ƙarfi ya kai. Ita ce kuma ake bi da tabon tetarasaikilin, wanda kan ɗauki wata biyu zuwa shida, kuma ko a haka ba lallai ya gushe duka ba.

Haƙorin da aka cire wa jijiya ana haskaka shi daga ciki: likita yana buɗe bayansa, ya toshe bakin saiwar, ya zuba sinadarin, ya rufe na 'yan kwanaki. Babu kwatankwacin wannan a gida.

Abin da ba ya haskakuwa

Feroksaid ba ya sauya launin ciko, hular haƙori ta tangaran, ko haƙorin roba, ballantana haƙorin Makka. Wanda ke da farin ciko a haƙoran gaba zai ga haƙoran sun yi haske cikon ya tsaya yadda yake, sai an sake shi, kuma ana jira kamar mako biyu bayan haskakawa kafin a yi sabo, don ba ya kamawa da kyau kafin nan. Ɗigon fuloraid kan ƙara fitowa da farko. Likita na iya goge saman inamel kaɗan ko ya rufe haƙorin da siririn ɓawon tangaran. Haƙora masu rawaya sun fi karɓar haske a kan masu launin toka.

Illa da daɗewa

Illar da ta fi yawa ita ce zugin haƙori idan an sha ruwan sanyi ko iska ta buga. Tana samun mutane da yawa a kowace hanya, ta fi tsanani da sinadari mai ƙarfi, kuma yawanci tana wucewa cikin kwanaki bayan an daina. Man goge baki mai fotasiyam naitiret ko fuloraid yana rage ta, haka ma tsallake kwana ɗaya tsakanin amfani. Dasashin da sinadari ya taɓa yakan yi fari ya yi zafi na ɗan lokaci. Ana shawartar masu ciki da masu shayarwa su jinkirta.

Hasken ba na dindindin ba ne. Yana iya kaiwa daga wasu watanni zuwa shekara biyu ko uku, gwargwadon abin da mutum ke ci da sha. Mai cin goro kullum ko mai shan sigari zai ga tabon ya dawo da wuri. A nan marufin da likita ya ƙera yana da wata riba, don ana ajiye shi a sake amfani da shi dare ɗaya ko biyu idan launi ya fara komawa. Ta fuskar kuɗi, zama ɗaya a asibiti ya fi tsada, marufin likita na biye, sannan ledojin kanti, sannan man goge baki.

Doka

Ƙasashe sun bambanta sosai. A Tarayyar Turai, bisa dokar 2011 da ta fara aiki a 2012, ba a sayar wa jama'a kai tsaye da abin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na haidurojin feroksaid. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, shi zai yi amfani na farko ko ya sa ido a kai, kuma ba a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18. Abin da ya haura kashi 6 an hana shi don kwalliya. A Ingila babbar kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa haskaka haƙora aikin likitancin haƙori ne, don haka laifi ne mai shagon kwalliya ya yi shi. A Amurka kuwa ana sayar da ledoji masu ƙarfin da ya wuce iyakar Turai a kantuna. Saboda haka kaya iri ɗaya da suna ɗaya na iya zama da ƙarfi daban, gwargwadon ƙasar da aka yi shi dominta.

A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar magunguna da kayan kwalliya, ciki har da man goge baki, hukumar MDCN kuma ke ba likitocin haƙori lasisi. Kayan da ake saya ta intanet daga waje sau da yawa ba su da lambar rajista, wasu ma ba a rubuta ƙarfin feroksaid ɗin a jikin kwalinsu ba.