Sharaɗa, Chalawa da Bompai: masana'antu a nan, ƙuri'a a can

Wanda ya tsaya a bakin titin Sharaɗa da ƙarfe bakwai na safe zai ga ma'aikata suna ta sauka daga Adaidaita Sahu, wasu a kan keke da kwanon abinci ɗaure a baya. Da yawansu ba a nan suke kwana ba, don haka ba a nan suke da katin zaɓe ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe game da siyasar yankunan masana'antun Kano.

Majalisar Dokokin Jihar Kano kujeru 40 gare ta, ƙananan hukumomi kuwa 44. Tsarin mulkin 1999 ya hana kowace jiha wuce 40, shi ya sa aka gwama wasu biyu-biyu: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Ɓagwai da Shanono, Kunci da Tsanyawa. Sauran kowacce da kujerarta guda. Bompai ta faɗo a Nasarawa, Chalawa a Kumbotso, mazaɓar Sharaɗa kuma a ƙaramar hukumar Birni. Kujeru uku ke nan, kuma babu ɗaya da masana'anta ce ta fi rinjaye a lissafin ƙuri'unta.

Ga inda gizo ke saƙar. A ƙidayar 2006 Nasarawa tana da mutum kusan dubu 600, Warawa kuwa ba ta kai dubu 150 ba, amma kowacce wakili ɗaya take turawa. Tsarin mulki ya ce a raba mazaɓu yadda yawan jama'arsu zai kusanci juna, ya kuma ɗora wa INEC sake duba iyakokin. Har yau ana kan rabon da aka gada tun zamanin soja, alhali Kumbotso ta cika ta batse, gonakin Fanshekara da Ɗanbare sun koma unguwanni. A ganina wannan tauye haƙƙi ne, ko da babu wanda ya yi shi da gangan.

Ta fuskar jefa ƙuri'a, mutanen nan ba sa jin nauyin juya wa mai mulki baya. A zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019 cikin birni ya karkata ga Abba Kabir Yusuf na PDP, ya shiga gaba da ƙuri'a 26,655 a faɗin jihar kafin a ce zaɓe bai kammala ba. Idon ƙasar nan gaba ɗaya ya koma kan Gama, mazaɓa guda cikin 11 na Nasarawa, mai cunkoson gidaje da 'yan haya. Bayan zagaye na biyu ranar 23 ga Maris, wanda masu sa ido suka koka da tashin hankalin da aka yi a cikinsa, aka bayyana gwamna mai ci, Abdullahi Ganduje, da nasara da ratar 8,982. A zaɓen majalisar na 2023 NNPP ta kwashe kujeru 26, APC 14, kuma kujerun nan uku suna cikin waɗanda guguwar jar hular NNPP ta ɗauka.

To amma ƙuri'ar gwamna da jam'iyya ake bi, ba maganar masana'anta ba. Shi kuwa ruwan da ke fita daga kamfanonin jima bai san iyakar mazaɓa ba. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir, kuma a hanya masu lambu suna ja su shayar da latas da alayyafo. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Chalawa, inda na Chalawa ma ke zuba, sannan ya nufi wajen Tamburawa a Dawakin Kudu, inda ake tace wa birni ruwan sha. Jimar zamani da sinadarin kiromiyam ake yinta, warinta kuma tun daga kan titi mutum yake jinsa. Wakilin da kamfanin ke mazaɓarsa daban, wanda ruwan ke isa gonakin mutanensa daban, wanda ma'aikatan suka zaɓa daban.

Haka masaƙun da suka rufe saboda rashin wuta da kwararowar atamfar waje: waɗanda suka rasa aiki sun warwatsu a Gama, Tudun Murtala, Ja'en da Fanshekara, ba su taru a kujera ɗaya da za ta tilasta a saurare su ba. Majalisar jiha tana da ikon yin doka kan muhalli da tsarin filaye, ita ke amincewa da kasafin titi da magudanar ruwa. Kafin zaɓe mai zuwa, ya kamata ƙungiyoyin ma'aikata da masu lambu su zaunar da 'yan takarar Nasarawa, Birni, Kumbotso, Minjibir da Dawakin Kudu wuri guda, su tambaye su wa zai kai ƙudurin tace ruwan kamfanoni gaban majalisa.